Dodon Koɗi Sun Kafa Gwamnati a Akwatin Kifina

Surukina ya kawo ciyawar ruwa ya dasa a akwatin gilashin da nake kiwon kifi. Bai duba ba. Ashe akwai ƙwan dodon koɗi manne a ganyen.

Akwatin 'yata ce ta saya mini, wai likita ya ce kallon kifi yana saukar da hawan jini. Da ya tura ni layin mai, da ya fi. A can aƙalla ka san wanda za ka zaga.

Da fari ƙanana ne, na ce baƙi ne, a bar su. Yau gilashin ba ya ganuwa. Sun cinye ganyen da ya kawo su. Sun toshe bututun da ke tace ruwa. Jan kifina, wanda na fi ji da shi, ya koma saman ruwa yana haki kamar ɗan fansho a bakin ofis.

Ban yi boko mai nisa ba, amma na san irin halin nan. Ba sa sauri. Ba sa magana. In ka taɓa ɗaya, sai ya shige ciki ya rufe ƙofa: oga ba ya nan. Ranku ya daɗe, masu girma, ban ce ku ba ne. Ku ai da mota kuke yawo.

Maƙwabcina, tsohon akawu, ya leƙo ya ce, "Malam, kafa kwamiti."

Na ce, "Na su wa?"

"Na dodon koɗin mana. Su suka san matsalar."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ni ban yi ba. Haka aka yi da famfon unguwarmu, kuma har yau da bokiti muke fita.

Na jefa musu ganyen latas, suka taru a kai kamar ana rabon kwangila. Na ɗaga na zubar. Washegari 'yan'uwansu sun cike gurbin, ba ko zaɓe.

Sai na je wurin mai sayar da kifin. Ya ce, "Baba, akwai kifi mai cin su."

"In ya gama da su, wa zai ci?"

Ya sosa ƙeya. Na ce a'a, ba na ba kura ajiyar nama.

Ya ce, "To ruwa ba ya tsami banza. Abinci ya yi yawa. Kifi ya ci ya bari, su suke kwashe ragowar su hayayyafa. Ka rage, za su ragu. In ba haka ba, jan kifin nan ba zai kai ba."

Na ce ɗan tsunkule kawai nake ba su da safe.

Da na dawo gida, na tarar da matata tsaye a kan akwatin, gwangwanin abinci a hannu, tana zubawa da cokali.

Na ce, "Ashe ke ce baitulmalin!"

Ta ce, "Dubi bakin jan kifin nan, Malam. Roƙo yake."

"Iska yake nema. Abincin kuwa, dodon koɗin ke cinyewa."

"Su ma bayin Allah ne."

"Kifin zai mutu. Ba ni gwangwanin."

Ta ƙara rabin cokali, ta rufe, ta soke shi a gefen zani.

"Ba zan bayar ba. A gidana ba a kwana da yunwa."