Jar Hular Ranar Suna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗan Yaya Salisu a Bande, ko na so ma ba za a bar ni ba.

Lokacin ban daɗe da koyon saƙa da kwarashi ba, amma kaina ya riga ya kumbura. Na ci alwashin jaririn nan hular hannuna zai sa, matan gari su gani su fara kawo min aiki. Matsalar ita ce zare. Mai kyau na shagunan Magariya tsada gare shi, ni kuwa hannuna ba ya son buɗewa (Inna ta ce tun ina yarinya haka nake). Ranar kasuwar Guci sai na ci karo da mai tebur da ulu ja jawur, rabin kuɗi. Ya rantse min ba ya zuba. Na dawo ina yi wa masu zuwa Magariya dariya.

Hula ta yi kyau, wallahi ta yi kyau, har da tuntu. Wanzaminmu Baba Idi ya yi wa yaro askin suna, kai ya fito tas. Ni kuma na rafka masa hular ulu, ana tsakiyar bazara, ɗaki cike da mata. (Kar ku tambaye ni.) Ina ta zagayawa da shi: "Ni na saƙa, ni na saƙa!"

Can yaro ya tsala kuka. Inna ta karɓe shi ta cire hula, sai ta kwarma ihu: "Innalillahi! Jini! Idi ya yanka min jika!"

Kai ja har kunne. Mai jego ta fashe da kuka, Yaya ya tayar da babur za a tafi likita. Aka janyo Baba Idi daga gaban kwanon waina, yana rantsuwa askarsa ba ta taɓa goce masa ba. Ya jiƙa tsumma ya goge kan. Ko ƙwarzane babu, gumi ne ya jiƙa hula ta zuba. Ya ɗago a hankali ya ce, "Wa ya saƙa hular nan?"

Ni mai shela tun safe, sai na laɓe bayan mata. Na cusa hannuwana cikin mayafi (yatsuna sun kwana biyu da ja, ina ta murna lalle ya kama). Mata suka nuna ni gaba ɗaya: "Ga ta nan!" Aka kwashe da dariya, har mai jego da hawayenta. Kunya kamar in nutse.

Yaron yanzu yana lakwal (makarantar boko ke nan), sunansa Habibu, amma Jan Kai kowa ke kiransa. Baba Idi kuwa duk inda muka haɗu sai ya ce, "'Yata, yau wa za mu yanka?"

Tun ranar ba na sayen zare sai na jiƙa shi da yawu na goga a farin ƙyalle, a gaban mai shi, ya ji haushi in ya ga dama. Aiki kuma alhamdulillahi, mata na kawowa. Sai dai kowacce in ta kai bakin ƙofa sai ta juyo: "Don Allah, ban da ja."