Mai Aski Da Aikin Sirri

Wani mai aski ne, Allah ya yi shi da baki. Ban ce mugu ba ne, a'a. Magana ce dai ba ta kwana a cikinsa. In ka faɗa masa abu yana aske maka gefen dama, kafin ya zagayo gefen hagu mutum uku sun ji. Amma duk da haka shagonsa ba ya rabuwa da jama'a, don hannunsa na da kyau, kuma shi kaɗai ke da babbar talabijin a layin. Kujera ɗaya ce mai juyawa, da madubi mai tsaga a kusurwa, da benci biyu. Shekara goma sha huɗu da shagon nan yake ci da iyalinsa, ba shi da wata sana'a.

To, sai aka fara wani shiri na 'yan leƙen asiri, duk Lahadi da yamma. Jarumin shirin jami'in sirri ne, amma ya ɓad da kama ya zauna a bakin kasuwa yana gyaran agogo. Mai Agogo kowa ke ce masa. Layin nan kaf aka haukace a kansa. Wanda ya yi aski jiya ma sai ya dawo yau, wai a gyara masa ƙeya, don dai ya samu wurin zama a benci.

Wata Lahadi shago ya cika har bakin ƙofa. A cikin shirin an kama Mai Agogo, an ɗaure shi a kujera ana ta tuhumarsa. Shi kuwa ya langaɓe kai ya ce, "Ni? Ni wa? Talaka ne ni, abincina nake nema."

Shago ya kaure da tafi. Wani direban bas da ke kan benci ya miƙe tsaye.

"Kai! Namiji! Ko yanka shi za a yi ba zai yi magana ba."

Tela, maƙwabcin shagon, ya ce, "Ai irin wannan aiki sai mai zurfin ciki."

Direba ya juyo ya dubi mai aski. "Ka ji ko? Da kai aka kama, tun kafin a nemo igiya ka ba da sunan kowa, har da na kakarka."

Aka fashe da dariya. Har wanda ake yi wa aski sai da ya riƙe ciki. Abin ya yi wa mai aski zafi ƙwarai, don ko a gida matarsa ba ta da zance sai na Mai Agogo. Ya sha mur, ya ce:

"Duk shirme ne wannan. Ba haka ake yi ba."

"Mene ne ba haka ake yi ba?"

"Aikin mana. Wa ya gaya musu har yanzu ana ɓoye takarda a cikin agogo? Tun yaushe aka daina wannan!"

Tela ya ce, "To kai a ina ka sani?"

Jama'a, da a nan ya yi dariya ya ce wasa yake yi, da an wuce wurin. Ina! Sai ya kashe injin aski, ya hure gashin da ke bakin injin, ya dubi ƙofa, ya dubi taga, sannan ya ce a hankali:

"Ba komai ake faɗa ba."

Ya ja bakinsa ya yi gum. Shekara goma sha huɗu ba a taɓa ganin mutumin nan ya yi shiru ba sai ran nan. Shirun nan shi ya kashe shi. Shago ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Aka gama shirin ba wanda ya yi sharhi, kowa ya zare jiki ya fice.

Kwana biyun farko ya sha daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Wanda ke ce masa "kai mai aski" ya koma "ranka ya daɗe". Ana ba shi hannu biyu. Ya sayi baƙin tabarau, da shi yake aski, har ya kusa cire wa wani kunne.

A rana ta uku mutane suka fara tuna abin da suka taɓa faɗa a kan kujerar nan. Direba ya tuna cewa da bakinsa ya gaya wa mai aski lasin yayansa yake tuƙi da shi shekara shida. Tela ya tuna wutar da ya jona ta bayan mita, kuma mai aski ne ma ya riƙe masa tsani. Kowa ya duba ya ga akwai abin da ya zubar a shagon nan tare da gashinsa.

Sai ƙafa ta ɗauke. In mutum zai wuce ta ƙofar shagon, sai ya ɗaga murya shi kaɗai ya ce, "Kai, gwamnati na ƙoƙari!" ya ƙara sauri. Wani da tsautsayi ya shigo da shi ya zauna a kujera kamar an kawo shi cire haƙori.

Mai aski ya ce, "Ya gida?"

"Ban sani ba."

"Wane irin aski za a yi?"

"Duk wanda hukuma ta ga ya dace."

Daga shi ba a sake samun wani ba. Mazan layin suka bar gashi buzu-buzu. Masu ƙarfin hali suka riƙa tafiya can bayan tasha wurin wani mai askin da ke barin kai kamar ɓera ya yi kiwo a kai. Lahadi ta zagayo, mai aski ya kunna talabijin, ya goge benci, ya zauna shi kaɗai. Mako biyu ba aski, ba hira. Rashin cinikin ya dame shi, don tukunyar gida ta fara shaida. Amma rashin wanda zai yi wa surutu ya fi ci masa rai. Ya ga in aka ƙara mako biyu a haka, rufe shago zai yi.

Ya cire tabarau ya jefa a kwandon shara, ya nufi shagon tela. Ya tarar da direba a can, sun haɗa kai suna ƙus-ƙus. Suna ganinsa suka miƙe zumbur.

"Don Allah ku zauna. Magana na zo mu yi. Maganar ran nan ƙarya nake yi."

Tela ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"Wane irin ranka ya daɗe? Ni ne fa! Ni wa? Talaka ne ni, abincina nake nema."

Direba ya dafe ƙirji, ya dubi tela. "Ka ji? Ko kalma ɗaya bai canza ba."

"Wallahi tallahi ni ba jami'i ba ne!"

Direba ya ce, "Mai Agogo ma ya rantse a kashi na bakwai."

"Haba jama'a! Ba ku ne kuke cewa ba na iya riƙe magana ba? Ni da ko sirrin gidana ban bari ba?"

Tela ya girgiza kai cike da mamaki. "Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Shekara goma sha huɗu mutum yana nuna shi sakarai ne, ko sau ɗaya bai kuskure ba."

"Ba nunawa nake ba! Sakarcin nawa na gaske ne!"

Takaici ya sa hawaye suka zubo masa. Direba ya matso ya leƙa fuskarsa da kyau, ya koma ya raɗa wa tela, "Dubi hawaye. Kai, mutanen nan suna ba da horo."

Ya koma gida. Ya ce ko duniya ta ƙi shi, ai matarsa ta san ko shi wane ne. Ya tarar ta share ɗaki, ta sa turare, tana ta murmushi. Ta rufe ƙofa, ta rufe taga, ta zauna kusa da shi.

"Maigida, ni ban yi fushi ba don ka ɓoye min. Na san dokar aiki ce."

"Ke ma?"

"Tun da can ina zargin haka. Na ce ba yadda za a yi namiji ya yi shekara goma sha huɗu yana aiki, a ce ko katifa bai iya canzawa ba. Ashe duk ɓad da kama ne." Ta ƙara matsowa. "Abu ɗaya kawai nake so ka gaya min, ba zan faɗa wa kowa ba. Yaushe za a gama aikin mu koma gidanmu na gaskiya?"

"Wane gida? Wannan shi ne gidan! Wannan ita ce katifar!"

Ta kashe masa ido. "Na gane. Akwai na'ura a ɗakin ko?" Ta ɗaga kai ta dubi silin, ta ce da ƙarfi, "E, mu talakawa ne!"

Washegari ya yanke shawara. Tunda ba a yarda da bakinsa ba, bari ya kawo takarda. Ya sa rigarsa mai kyau ya nufi ofishin 'yan sanda da ke bakin titi. Rabin layin na leƙensa ta taga.

Ya samu wani kofur a kanta, ya yi masa bayani tun daga farko. Ya ce shi dai takarda yake so, mai tambari, a rubuta cewa shi ba kowa ba ne.

Ashe kofur ɗin nan ko kashi ɗaya na shirin bai taɓa wuce shi ba. Ya ajiye biro a hankali. Ya ƙare wa mai aski kallo daga hula har silifa.

"Wato takardar da za ta nuna kai ba kowa ba ne."

"Yauwa! Allah ya yi maka albarka."

"Irin wadda aka yi wa Mai Agogo kafin a tura shi kan iyaka."

"A'a! Ba irin ta ba!"

"Na fahimta, yallaɓai. Wannan ta fi ƙarfin kantar nan, sai dai daga sama." Ya gyara bel, ya rako shi har bakin titi. A nan, a gaban masu shaguna da masu jiran mota da direba da ya taka birki don ya gani da kyau, kofur ya buga ƙafa ya sara masa.

Shi ke nan, magana ta ƙare. Da yamma tela ya kira mai gyaran wuta aka cire wayar bayan mita. Direba ya ajiye bas, wai ciwon baya.

Mai aski ya koma shago ya fara haɗa kaya a kwali. Ya naɗe wayar injin aski. Ya sauke almakashi da buroshi. Yana cikin ciro madubi daga bango sai ya ji sallama. Wani dattijo ne da 'yar jaridarsa a hammata, irin mutanen nan da ba ka tuna fuskarsu sai ka gan su. Ya daɗe yana zuwa shagon, ya zauna a ƙarshen benci, a yi masa aski a ƙarshe, ba ya sa baki a hirar kowa.

"Ana aski kuwa?"

Mai aski ya kusa rungume shi. Ya mayar da madubi, ya kakkaɓe kujera, ya yafa masa ƙyalle. Bakin da ya yi mako biyu a kulle ya ɓalle. Ya ba shi labarin direba, da tela, da matarsa, da kofur, bai rage komai ba.

"Baba, shagon nan shi ne rayuwata. Yau zan rufe shi saboda magana ɗaya da na yi don a daina yi min dariya. Na rantse, na yi kuka, ba wanda ya yarda."

Dattijo ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Ni na yarda da kai."

Injin aski ya tsaya cak.

"Ka yarda?"

"Ɗari bisa ɗari. Kai ba jami'i ba ne. Ni kaina abin ya dame ni, shago ya yi shiru, mutum ya zo ya zauna ba abin da zai ji."

"Alhamdu lillahi! Baba, don girman Allah tashi mu fita. Yanzu zan tara su, ka faɗa musu da bakinka. Kai dattijo ne, za su ji maganarka."

"A'a, wannan kuma ba zan iya ba."

"Don me?"

"Za su tambaye ni yadda aka yi na tabbata."

"To ka gaya musu mana! Yaya aka yi ka tabbata?"

Dattijo ya dubi ƙofa. Ya shafa ƙeyarsa, ya duba gefen da aka gama a madubi, sannan ya ce:

"Haba ɗana. Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganinka a ofis ba."