Ranar da na kira sunan ɗan farina a lasifika

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka zo zaɓen 'yan ƙwallo a filin Kiru ba. Ko na so in manta, matan garinmu Badafi ba za su bar ni ba.

Ɗana na fari ƙwallo yake bugawa. Ni kuma ba na kiran sunansa, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran na babban wanmu ba. Tun da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, ita yake ce wa Inna, ni kuwa Yaya yake ce min. In zan aike shi sai in ce, "Kai, wannan." Ba ƙinsa nake ba (ni ce mai dafa ruwan zafi in ya gurɗe ƙafa, in ba ƙanwarsa ta kai masa kamar ita ta yi tunanin), haka dai muka taso muka tarar.

Abin da ya jawo min, yaron tsawo ya yi. Shekararsa sha huɗu, amma ya biyo dangin ubansa, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, ga gashin baki ya fara leƙowa. Masu zaɓen kuma 'yan ƙasa da sha biyar suke nema, su kai su makarantar ƙwallo a Kano. Kocinsu, Malam Sabo, ya zo har zaure ya ce lallai uba ko uwa su je. "Mutanen nan sun gaji da ƙarya," in ji shi. "An taɓa kawo musu mai 'ya'ya biyu a gajeren wando, wai sha uku." Uban yana Doguwa wajen girbin masara, Inna gwiwa ta hana ta hawa babur. Ya rage ni. Tun daga nan abinci ya daina shiga min, ina ta tunanin shekaru za a tuhume ni a kansu.

Tun safe muke filin, ga goyo, ga rana, har aka yi azahar. Ina zaune ina kallon yaran mutane. Wasu haɓarsu ta sha reza har tana sheƙi, wani ma gashin ƙwaurinsa ya aske, ya manta da na hannu. A ƙarƙashin rumfa kuma, cikin dattawa, sai ga surukina Baba Malam a kan buzunsa (mutumin da kullum yake cewa ƙwallo aikin banza ce, shi ya riga kowa zuwa).

Da aka zo kanmu, wani mai hular hana-salla, da lasifika a hannu, ya dube ni, ya dubi yaron, ya sake dubana. Ni ƙaramin jiki gare ni, iyakata kafaɗarsa.

"Hajiya, ke ce mahaifiyar wannan?"

Na ɗaga kai, idona ya faɗa cikin na Baba Malam. Wallahi bakina ne ya yi magana ba da izinina ba.

"Ɗan Inna ne."

"Wace Inna?"

"Innarmu ta gida."

"To, yaya sunansa?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi. "Ai ga shi nan, ku tambaye shi."

Mutumin ya juya wajen yaron. "Kai, wace ce wannan?"

"Yaya ce."

Ya yi wata dariya irin ta wanda ya gaji. "Malam Sabo, har da kai? Uwar haya kuka ɗauko mana? A cire shi. Na gaba!"

Malam Sabo ya fara bayani, ba wanda ya saurare shi. Yaron bai ma kalle ni ba. Zama ya yi a ƙasa ya fara kwance igiyar takalmin ƙwallon, a hankali, kamar wanda dama ya san haka za a yi. Wannan kwance igiyar ita ta ƙarasa ni.

Ban san lokacin da na fizge lasifikar ba. Ban kuma san ƙarfin muryarta ya kai haka ba.

"Abdulhadi! Sunansa Abdulhadi, ni na haife shi!"

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma bakin da ya shekara sha huɗu a rufe, da ya buɗe ƙin rufuwa ya yi. Na faɗa wa Kiru da kewayenta cewa da kaka na haife shi ana yankan dawa. Na faɗi yadda naƙudar ta yi tsawo, da abin da ungozoma ta ba ni na sha, da yadda ya ƙi kama nonon hagu. Na kai har kan kaciyarsa da yadda ya gudu da zane cikin gonar rake. Mai sayar da ruwan leda ya tsaya da tire a ka. Goyona ta farka ta tsala ihu, shi ma lasifikar ta ɗauka. Da wutsiyar ido na ga Baba Malam ya naɗe buzunsa yana salati, ya bi ta bayan rumfa.

Mai hular ya karɓi abinsa da hannu biyu, kamar mai karɓe wuƙa a hannun yaro.

"Ya isa, Hajiya, mun yarda. Amma mu ba shekaru muke tambayarki ba. Wannan a asibiti za a gani, na'ura za ta ɗauki hoton wuyan hannunsa. Ke yardarki kawai muke so, tunda yaro ne ƙarami. Kin yarda ya tafi?"

"Eh," na ce, da muryar da ni kaina ban ji ba.

Ashe duk abin da aka kira ni in faɗa ke nan.

An kai shi Kano, na'urar ta ce yaro ne, yana can yanzu. Ni kuma ina nan. In na gaida Baba Malam, bango yake amsa wa. In na je famfo sai wata ta gyara murya ta ce, "Mai sanarwa, yau babu labarai?" Mijina da ya dawo bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi min: "Har da kaciyar?"

Abin da na koya, in an kira ki gaban jama'a, ki fara tambayar me ake so ki faɗa. In kuma kunya za ki ajiye, ki ajiye kaɗan, kada ki juye ta gaba ɗaya a tsakiyar fili. Jiya na ga ƙaramin ɗana yana dukan ƙullin tsumma a tsakar gida, ƙafar hagu, da kyau kuwa. Na riga na gaya wa ubansa: duk shekarar da za a zo zaɓen wannan, masara ta girbe kanta.