Kafaɗar Hansai

A wani daji da ake ji da shi wajen ilimi, akwai jami'ar dabbobi da wutar lantarkinta ke fitowa daga kafaɗar wata Bauna mai suna Hansai. Ita ke jan sandar ƙaton injin da ke bayan ɗakin karatu, tana zagayawa tun safe. Duk fitilar da aka kunna, duk fankar da aka bari tana yi wa kujeru fifita, sai sandar ta ƙara mata nauyi.

Da kafaɗar ta kumbura ta fara ruwa, Likita Zalɓe ya gaya mata gaskiya: in ta ci gaba a haka, damina ba za ta same ta a tsaye ba. Ga ɗan maraƙinta ko yaye shi ba ta yi ba. Sai ta nemi izini ta shiga zaman majalisar jami'a.

Ta durƙusa ta ce, "Ranku ya daɗe, ba ƙara na kawo ba. Ina son aikina, a nan na samu abin ciyar da ɗana. Roƙona kawai, wanda ya bar ɗaki ya kashe abin da ya kunna."

Farfesa Ɗawisu ya gyara wutsiya ya ce, "Maganarki abar dubawa ce. Sai dai fitilun ofishina ba don kaina nake barinsu ba, don baƙi ne, su ga darajar jami'a. Ɓarnar tana wajen ɗalibai."

Biri, wakilin ɗalibai, ya ce su rishon lantarkinsu na dafa wake kawai suke jonawa, a tambayi Dokta Kada da na'urar sanyinsa ke aiki alhali shi yana tafki.

"Takarduna ba sa son zafi," in ji Kada.

Aka yi ta musu har azahar. Hansai tana jin kafaɗarta na zogi, ta sa a ranta zuwan bai yi amfani ba.

Sai shugabar jami'a, Farfesa Giwa, ta tashi. Ta miƙa haurenta ta tura tagogin zauren, ta sa hanci ta kashe fitilu da fankoki. Hasken rana ya shigo, iska ta biyo shi.

Ta ce, "Inna Hansai, ki gafarce mu. Ofishina ya fi na kowa girma, ni ce na fi ɗora miki kaya. Daga gobe a gindin tsamiya zan zauna. Mai neman sa hannuna ya same ni a can."

Ba ta kafa wa kowa doka ba. Amma cikin mako kowane babba ya gano cewa shi ma dama can yana son inuwar itace. Ɗalibai suka haɗa tukunya ɗaya. Kada ya ce takardunsa sun saba da zafi.

Sandar ta yi sauƙi, ciwon ya kame. Hansai ta riƙa tashi aiki da la'asar, tana kiwo tare da ɗanta a fadama. Ta bi su ofis ofis tana godiya, har da Ɗawisu, wanda ya karɓa a madadin kowa.

Ganin wannan nasara, majalisa ta buɗe Cibiyar Nazarin Tsimin Wuta, mai farfesoshi uku. Ba ta da wuyar ganewa: ita ce ginin da fitilunsa ke ci da rana.