Kalangun Baba da hoton kasuwa

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da kuwa na so. Shekarata ta farko ke nan ina koyarwa a lakol a Cadawa, na dawo daga wani taro a Yamai kaina ya kumbura. Can na ga ana ɗaukar tsohon wasan kwaikwayo, a haska bidiyo a bayan 'yan wasa, makaɗi kuma ya kaɗa abin da ya zo masa. Na rantse sai na yi irinsa, mutanen gari su san an kawo musu malami mai ido a buɗe.

Na ɗauki hoton kasuwa da wayata tun watanni biyu kafin ranar (ban tambayi kowa ba, ni da fasaha ta cika wa ciki). Na samo Baba Ɗan Tani, tsohon makaɗin kalangun mahauta, na ce, "Baba, kada ka shirya komai. Abin da ka gani a jikin bangon nan, shi za ka kaɗa."

Ya ce, "To, Malam."

Ranar wasa muka toshe tagogin aji da tabarmi, iyaye suka cika. Da aka zo wurin ban dariya, ɗalibaina suna cacar baki, sai bidiyo ya nuno rumfar mahauta, wani dattijo yana yankan nama yana dariya. Nan take Baba ya sauya kiɗa, ya koma wani mai nauyi, a hankali. Wata mata ta rufe fuska da mayafi.

Ni dai gani nake wasana na rushewa. Na matsa kusa da shi na ce, "Haba Baba! Kiɗan dariya ake so a nan, ba na makoki ba!" Na manta makirufo na hannuna, kuma a kunne. Har na bakin ƙofa ya ji.

Baba ya tsaya, ya dube ni. "Malam, wannan Bawa ne, watan jiya muka kai shi. Takensa ne nake kaɗawa. Waccan 'yarsa ce."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Ko "Allah ya jiƙansa" ma, daraktan lakol ne ya faɗa a madadina.

Matar ta share hawaye ta ce, "Malam, don Allah a maido wurin. Ba mu da hotonsa ko ɗaya."

Sau uku muka maido, Baba yana kaɗawa, mutane suna addu'a. Wasan nawa ba a ƙarasa shi ba, kuma babu wanda ya tambayi yadda ya ƙare.

Tun daga ranar, kafin in haska fuskar mutum a bango, sai na je na gaishe da gidansu.