Gidan da Na Ce Rana Za Ta Riƙe

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar tarewata ba, ko da kuwa na so in manta.

Shekara shida ina gina gidan nan a cikin kaina kafin in aza bulo ɗaya. In na taso daga ofis sai in wuce filina can gaba da Ƙofar Kwaya, in zauna kan babur ina kallon ciyawa, alhali ni gida nake gani. Fari tas, shiru, ba ƙarar janareta, ba hayaƙi, ba jiran a kawo wuta. Fanka na juyawa a hankali, labule na lilo, ga ruwan sanyi a randar zamani, dukkansu da hasken ranar da Allah ya ba mu kyauta. Har Inna, mahaifiyata, nakan hango tana gyangyaɗi a ɗakinta ba tare da mafici a hannu ba.

Ba wanda ya tsira daga wa'azina na sola. Abokan aiki in sun hango ni sai su tuna suna da uzuri. Ko Malam Sada magini sai da na karantar da shi. Shi kuwa cewa ya yi, "Malam, a ɗaga rufin nan, a sa tagogi suna kallon juna iska ta ratsa, a dasa darbejiya ta yamma. Rabin zafin ya tafi tun ba ka kunna komi ba." Na yi masa murmushin masu ilimi, na ce wannan ai dabarar mutanen da ce. (Ni da ban taɓa gina ko akurki ba.) Aka yi tagogi ƙanana.

Farantan sola ma ƙin ɗora su bisa rufi na yi. Na sa aka yi masu ƙafafun ƙarfe a bayan gida, daidai ƙugu. Na ce don sauƙin gogewa ne. Gaskiyar magana, so nake duk baƙon da ya zo ya gani.

Mutum ɗaya ce ban taɓa yi wa bayani ba: Inna. Ni ne ɗan fari, kun san alkunyar mutanenmu. Ba ta kama sunana, hirarmu gaisuwa ce da "Allah ya yi albarka". Kwana uku kafin walima aka dawo da ita daga tsohon gidanmu na Ƙofar Guga, ni kuma ina can ina rabon goron gayyata.

Ranar walima, tsakiyar bazara, falo ya cika da malamai, maƙwabta da shugabana na ofis. Bayan azahar aka shafa addu'a, na miƙe na gyara babbar riga. "Jama'a, duk abin da kuke gani yana juyawa a gidan nan, rana ce ke juya shi." Ban rufe baki ba injin batiran ya yi wani ɗan kuka, fankoki suka fara rage gudu kamar tsohon da ya hau tudu, suka tsaya cik.

Kai jama'a! Cikin minti kaɗan ɗakin ya koma tanderu. Liman na fifita da hularsa. Malam Sada kuwa tagogin kawai yake kallo, wallahi gara ya zage ni.

Na fita a fusace, rabin baƙin na biye da ni. Muna zagayawa bayan gida na tsaya turus. An lulluɓe farantan nan kaf da zannuwa, an danne gefe da duwatsu, an baje kuɓewa, tattasai da ganyen kuka a kai, layi-layi gwanin sha'awa. Kwana uku ke nan batir bai ga rana ba.

"Wane jahili ne ya yi mini wannan ɗanyen aiki?" Haka na faɗa, da ƙarfi, har mata suka leƙo.

Sai ga Inna ta fito a hankali tana gyara mayafi. Ba ta dube ni ba, ƙanwata ta duba. "Mi ya faru? Ki gaya wa mai gidan nan ni ce. Na ɗauka don ni ya yi teburin, don kar awaki su kai ga shanyata. Har na sa zane kar in ɓata mashi gilashi." Ta kai hannu ta shafa gefen zanen. "Jiya ma sai da na kira ƙawayena su Hajiya Mairo suka gani. Na ce masu ashe yana lura da wahalata."

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Na durƙusa nan cikin rana, gaban liman da shugabana, ina ba ta haƙuri. Ta fara naɗe zanenta, na riƙe bakin zanen na ce a bar shanyar ta ƙarasa bushewa. Walimar a ƙofar gida aka gama ta, bisa tabarmi, a inuwar katangar maƙwabci.

Washegari na kira mai walda ya ƙera wa Inna teburin shanya na gaske, mai raga. Farantan kuwa suna bisa rufi yanzu, inda ba mai ganinsu.

Abin da na koya shi ne, in za ka gina gida mai tattalin wuta, ka saurari magini, sannan ka tambayi waɗanda za su zauna ciki me suke bukata. Ni na karantar da Katsina kaf yadda ake cin moriyar rana, ashe wadda ta shekara sittin tana aiki da ita a cikin gidana take.