Shekarun Dutsen Ladidi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na je neman aiki da dutse a aljihu. Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, 'yan siyasa suka dawo da alƙawuransu. Ni kuwa a lokacin na shekara talatin ina gina rijiya tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa, kuma sana'ar tana mutuwa ina kallo. Mai hali burtsatse yake so, mara hali ya sayi ruwan garwa. Wata huɗu na yi ban shiga rami ba.

Sai sabon kansilanmu ya ce za a haƙa burtsatse a unguwanni, an ɗauko wani malamin jami'a da ya karanci duwatsu. Yana neman tsohon magini guda ɗaya da zai riƙa zagayawa da shi, da albashi. Mu biyu aka kira: ni da Sale Gurgu, mutumin da sai ka yi masa tambaya uku kafin ya amsa ɗaya.

Na san aikina, wallahi. Na san inda jar ƙasa take ƙarewa marmara ta fara, na san ruɓaɓɓen dutsen da ruwa ke kwanciya a cikinsa, na san ƙarar da diga ke yi in ta taɓa fa, wato dutsen nan mai tauri na can ƙasa. Amma zuciyata ta ce wannan ai kowane lebura ya sani, ɗan boko sai da abin mamaki. (Aji biyu na yi a firamare, na biyun ma rabinsa a kan katanga na yi shi.)

Da safe, Ladidi mai ɗakina ta shiga maƙwabta barka. Na ɗauki ɗan dutsen niƙanta, wanda ta gada wurin mahaifiyarta, na sa guduma na ɓalle gefensa. Na cuɗa ɓallin da laka, na shanya, na jefa aljihu.

A ƙofar gidan kansila a Tarauni aka shimfiɗa tabarmi. Ga mai unguwa, ga liman, ga 'yan jam'iyya cike da layi. Malamin jami'ar, da ake ce wa Dakta, yaro ne siriri, ɗana ma ya girme shi, da wata 'yar guduma a ƙugu. Ya fara da Sale, ya tambaye shi a zurfin gaba nawa yake samun fa. Sale ya ce a Unguwar Gano gaba kaza, a bayan masallaci gaba kaza, shi ke nan. Dakta ya rubuta. Na ce a raina an gama da wannan.

Da aka zo kaina ban jira tambaya ba. Na fito da dutsen, na ce daga gaba ashirin na ciro shi, inda ba wanda ya taɓa kaiwa. Na ce ni da ido nake gane shekarun dutse, wannan ya shekara dubu uku cif. Mutane suka yi ta jinjina kai. Na ƙara da cewa da na ciro shi ɗumi gare shi.

Dakta ya karɓa da hannu biyu, ya ce ba a gane shekarun dutse da ido. Wai a cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi da ke riƙe da wani sinadari, wanda yake rikiɗewa ya koma dalma sannu a hankali, ba ya sauri ba ya jinkiri. Ya ce kamar randa mai yoyo ce: in ka san yadda take ɗiga, ka auna abin da ya rage da abin da ya zuba, ka san yaushe aka cika ta. Sai an kai wa na'ura take aunawa. Na ce ai haka nake nufi.

Ya goge lakar da gefen rigarsa. Abin da ban sani ba, su ma masu karatun dutse suna da ɗabi'a irin tamu: yadda muke ɗanɗana ƙasa, haka suke lasar dutse don ƙwayoyinsa su fito fili kafin su duba da gilashi. Ya kai baki, ya lasa, a daidai gefen nan mai sulɓi.

Shekara arba'in ana niƙa barkono a kan wannan dutse.

Ya yi tari. Idonsa ya kawo ruwa. Ya sake duban sulɓin, ya shinshina, sannan cikin ladabi ya ce, "Baba, a wace rijiya ce ake samun daddawa?"

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan ya fi ciwo. Sai liman ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗarsa na rawa. Daga nan layin ya ɗauka.

Dakta bai yi dariya ba. Ya ce irin wannan dutsen, da fan da muke tararwa a ƙasan Kano, an auna su, sun haura shekara miliyan ɗari biyar. Narkakku ne a can cikin ƙasa suka huce, tun babu mutum, babu ko bishiya. "Ka rage masa shekaru da yawa, Baba," in ji shi. Wato ƙaryar ma ban iya ta ba, gaskiya ta fi ta girma.

Ya ce da zurfin rijiyoyina na faɗa masa, da ya wadatar. Sale aka ɗauka. Ni ban sake gina rijiya ba. Gadi na koma a wani gareji. Rijiyoyin da na gina sun ƙafe ɗaya bayan ɗaya, aka cike su da shara, kuma abin da na sani game da cikin ƙasar nan ba wanda ya sake tambaya ta. Ladidi ba ta yi faɗa ba. Ta dubi dutsen uwarta, ta juya shi ta gefen da ya rage, ta ci gaba da niƙa.

Abin da na koya? In aka tambaye ka abin da ka sani, faɗi shi ko da kana ganin ƙarami ne. In kuwa shaiɗan ya rinjaye ka sai ka yi ƙarya, to ka fara wanke ta da sabulu.